Inda Allura Ke Tsalle

Damina ce ta tona asirinsu.
Rufin ɗakin baya ya yi yoyo,
na janyo akwati daga ƙarƙashin gado,
sai ga su kwance, goma sha ɗaya,
baƙaƙe, faɗinsu kamar faifan rufe tuwo,
gara ta ɗanɗana gefen kwalayen.
A bayan guda, da jan biro:
"Na Dalyop ne da Ilu. Mai aro ya maido."

A Dilimi na samu mai gyara,
tsoho, tabaransa ɗaure da zare.
Ya hure allura, ya dube ni, ya ce,
"Injin nan ya haifi yaron shagona."
Na biya ban yi ciniki ba.

Da dare, sanyin Jos na lallaɓowa ta ƙasan ƙofa,
na ɗora allurar.
Da fari ƙas-ƙas, kamar ana suya a maƙwabta,
sannan jita ta tsaga ɗakin,
ganga ta biyo ta a guje,
sai ga ni ɗan shekara sha bakwai,
suma ta cika kai, aljihu ba ko sisi.

Buhun dankali nawa muka ɗauka a Farin Gada
kafin kuɗin faifai ɗaya ya haɗu?
Obiora, a shagonsa na Taminus,
yakan sa mana rabin waƙa, ya ɗage allura,
ya ce sauran sai an biya.
Lasifika muka kifa a bakin tulu
don kiɗan ya yi ciki.
Baba ya buga ƙofa da sanda:
"Wane aljani kuke yi wa biki?"

Turancin, rabi muke tsinta.
Bature na can yana kukan masoyiya ta tafi,
mu nan muna rera masa namu,
wai a ƙaro yaji a waina.
Sai yanzu, da furfura, na ji me yake faɗa.
Ashe tun ranar yake yi mana gargaɗi,
mu kuwa muna ta rawa.

Waƙa ta uku, bayan an juya faifai,
nan tabon yake.
Ƙafar wandon Dalyop, mai faɗi kamar buhu,
ita ta kamo tebur ran da Nanret ta zo.
Tun daga ranar mawaƙin ke tuntuɓe a wurin,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
sai an ɗora kwabo a kan allura ya wuce.

Kasuwar ta ƙone. Obiora ya koma gida.
Nanret, an ce tana aikin jinya a Kalaba.
Shi kuwa Dalyop yana nan Kabong,
ni ina Gangare.
Ba mu yi faɗa ba.
Garin ne ya tsage, kowa ya tsinci kansa a gefe,
aka fara da "sai ƙura ta lafa",
yau shekara ashirin da wani abu.
Tafiyar da keke ke yi kafin shayi ya huce.

'Yata Zulai ta leƙo, ta saurara,
ta latsa waya, ta ce, "Baba, ga ta nan, tas."
Na kasa kunne.
Murya fes, ba suya, ba ƙura,
mutumin ya zo waƙa ta uku
ya wuce abinsa ko gezau,
kamar ba a taɓa ture tebur ba,
kamar Nanret ba ta yi dariya har da hawaye ba.
Na ce, "Madalla. Amma ba ita ba ce."

Ta tafi ta kwanta.
Kwabo ya daina tafiya, ba ni da ko ɗaya.
Ga allura ta iso wurin, tana tsalle,
tana tsalle,
na zauna da hannu a cinya, ban taɓa ta ba.
Rabin faifan nan ba nawa ba ne.